Darasi na 12: Idan Hankalin Mara Lafiya Ya Juya a Gadon Asibiti

Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da gero ya fitar da kai sauro kuma ya cika gari, gadon asibiti yakan yi wuyar samu. Duk wanda ya taɓa ɗauko mara lafiya daga Kunci ko Shuwaki ya kai shi babban asibitin Bichi, ko aka wuce da shi Kano, ya san yadda zaman jinya yake: tabarma a baranda, kwanon abinci a ƙarƙashin gado, kati a aljihu, kowa na jiran zagayen likita da safe. Wannan darasi a kan wani abu ne da ke faruwa a irin waɗannan ɗakuna kusan kowane dare, amma ba a cika zancensa a fili ba. Mutum ya zo da zazzaɓi, ko ciwon suga, ko haihuwa, sai bayan kwana biyu hankalinsa ya juya. Za mu ga abin da ke kawo haka, da wanda ake kira idan ya faru, da abin da ya rataya a wuyan mai jinya.

“Ba ciwon asibiti ba ne”

A ɗauka wani dattijo ne mai shekara 70, an ba shi gado saboda zazzaɓi mai zafi da tari. Ranar farko yana gaisawa da masu dubiya, yana sa musu albarka. A dare na uku sai ya tashi zaune yana kiran yayansa da ya daɗe da rasuwa, yana cewa a kore masa awakin da suka shigo ɗaki. Ya fizge robar ƙarin ruwa, ya zagi nas, shi da duk unguwa ta shaida ba ya ɗaga murya. Da gari ya waye ya ɗan dawo daidai, har ya sha kunu. La’asar na yi abin ya dawo.

’Ya’yansa suka koma gindin bishiya suka yi shawara. Babban ya ce, “Kun ga, wannan fa ba ciwon asibiti ba ne. Mu sa hannu mu mai da Baba gida, a yi masa na Hausa.”

Ƙauna ce ta sa ya faɗi haka, ba wanda zai yi musu. Amma shawarar tana iya cin ran tsohon. Abin da suka gani a daren nan alama ce cewa ciwon da ke ƙirjinsa ya yi ƙarfi har ya taɓa aikin ƙwaƙwalwa. Ranar da suke shirin fitar da shi ita ce ranar da ya fi bukatar allura da ƙarin ruwa da idon likita. Idan suka ɗora shi a mota suka koma Kunci, sun raba shi da maganin abin da ya kawo sambatun.

Magagin ciwo

Ƙwaƙwalwa gaɓa ce a jiki kamar hanta da ƙoda. Tana bukatar jini mai tsabta, da iska, da suga daidai gwargwado. In ɗaya ya gaza, aikinta yakan rikice. Wannan rikicewar ita za mu kira magagin ciwo, kuma ita ce ta fi kowace matsalar hankali yawa a tsakanin waɗanda aka kwantar a asibiti, musamman tsofaffi da waɗanda aka yi wa tiyata.

Tana da alamun da mai lura zai gane. Farat ɗaya take zuwa, cikin sa’o’i ko kwana ɗaya zuwa biyu, ga mutumin da a baya lafiyarsa ƙalau ta fuskar hankali. Tana zuwa tana tafiya, ta lafa da safe ta tsananta da dare. Mara lafiya yakan kasa sanin inda yake, ko wace rana ce, ko wace salla aka yi. Ana masa magana hankalinsa na sulalewa. Yakan yi gane-gane, ya ga macizai ko mutane a jikin bango. Akwai kuma wani nau’i da ba ya hayaniya ko kaɗan: mutum ya yi shiru, ya yi ta gyangyaɗi, a kira shi ya amsa da ƙyar. Wannan ya fi saurin wucewa ba a lura ba, don masu jinya sukan ce ai ya samu barci ne.

Abubuwan da ke kawo ta duk mun san su. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai. Taifod. Sanƙarau a lokacin zafi. Ciwon huhu. Ƙoda ko hanta idan sun kasa tace dattin jini. Rashin ruwa a jiki bayan amai da gudawa. Fitsari da ya ƙi fita ga tsoho. Buguwa a kai bayan faɗuwa daga babur, ko da ba a ga jini ba. Sai kuma faɗuwar suga, wadda ya kamata kowa ya riƙe ta da kyau. Mai ciwon suga da aka yi wa allurar insulin ko ya sha ƙwayarsa bai ci abinci ba, yana iya fara gumi, da rawar jiki, da faɗa, da surutai marasa kan gado. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a gane, kuma ana ba shi suga yakan farfaɗo cikin mintoci. In aka tsaya ana cewa iska ce, ana hayaƙi ana turare, ƙwaƙwalwar tana iya lalacewa ko rai ya salwanta.

Maganin magagin ciwo shi ne maganin ciwon da ya haddasa shi. Yawancin mutane hankalinsu yakan dawo idan jikin ya samu sauƙi, ko da yake tsoho yana iya ɗaukar makonni kafin ya warware sarai. Shi ya sa duk wanda hankalinsa ya juya farat ɗaya tare da zazzaɓi, ko jijjiga, ko sanƙarewar wuya, asibitin da ke da ɗakin gwajin jini ne wurinsa na farko.

Likitan da ke zuwa bakin gado

A manyan asibitoci akwai tsari na musamman don irin wannan hali. Likitan da ke kula da mara lafiya, ko na tiyata ne ko na haihuwa ko na ciwon ciki, yakan rubuta takardar neman shawara zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Daga can sai likita ya taso ya zo ɗakin da mara lafiyar yake. Ba a ɗauke shi daga gadonsa, ba a sauya masa likita. Baƙon likitan zai karanta fayil, ya duba sakamakon gwaje-gwaje da jerin magungunan da ake ba shi, ya tambayi nas-nas yadda ya kwana. Sannan ya ja kujera ya zauna.

Tambayoyinsa sukan ba mutane mamaki. “Baba, ina ne nan? Yau wace rana? Wane ne wannan da ke tsaye kusa da kai?” Wani ɗan yakan ji haushi, ya ga kamar ana raina mahaifinsa. Awo ne ake yi, irin yadda ake awon jini. Daga nan zai tambayi barci, da cin abinci, da abin da ke damun zuciya, da ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji. Zai kuma keɓe da mai jinya. Idan ya gama sai ya rubuta ra’ayinsa a fayil: a ƙara gwaji kaza, a dakatar da magani kaza don shi ne ke ruɗa shi, a ba da ƙwaya kaza kaɗan da dare, zan dawo jibi. Sau da yawa abin da yake rubutawa shi ne cewa wannan mutum ba shi da taɓin hankali, a ci gaba da neman ciwon a jiki.

Akwai wani aikin da ake kiransa dominsa. Wani lokaci mara lafiya yakan ƙi tiyata, ko ya ƙi a yanke ƙafar da ta ruɓe. Babba mai hankali yana da ikon ƙin magani. Tambayar ita ce, ya fahimci abin da aka gaya masa da abin da zai biyo baya, ko kuwa magagi ne ko tsananin damuwa ke magana da bakinsa? Likitan ƙwaƙwalwa ne ke taimakawa a rarrabe, don kada a tilasta wa mai hankali, kada kuma a bar wanda ciwo ya ruɗa ya hallaka kansa.

Abin da ke sa dangi su tsorata da jin an kira shi sananne ne. A ƙasar Kano, da an ce likitan ƙwaƙwalwa sai zuciya ta tafi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, sai a fara tunanin abin da za a ce a gari, da wanda zai nemi auren ’ya’yan gidan. Wannan tsoro ba na banza ba ne, domin bakin mutane ya kashe aure da yawa. Sai dai ku lura da abu biyu. Ganin likitan a ɗakin kwanciya na kowa da kowa ya fi rufin asiri, don mai dubiya ba zai bambanta shi da sauran masu farar riga ba. Kuma abin da aka faɗa masa amana ce da aikinsa ya hana shi bazawa.

Mai jego

A nan ya kamata mu daɗe, domin a nan aka fi yin asara. Hali uku ne. Na farko, kwanaki kaɗan bayan haihuwa mata da yawa sukan ji kuka na zuwa musu ba dalili, ransu na saurin ɓaci. Wannan yakan wuce da kansa cikin mako biyu idan ana samun barci da taimako.

Na biyu ya fi nauyi, shi ne ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fuskantar matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa kashi 20. Wato a cikin masu jego biyar, ɗaya. Mace ta daina jin daɗin komai, ta kasa barci ko da jariri ya yi barci, ta ga kanta ba ta iya komai ba, ta riƙa kuka a ɓoye. Da yake al’adarmu ta koya wa mace kunya da kawaici, musamman a kan ɗan fari, sai a ɗauki shirunta a matsayin tarbiyya. Uwar da ke mata wankan jego ita ce ta fi kowa damar ganewa, in ta san abin da za ta duba.

Na uku ba shi da yawa, mace 1 ko 2 cikin 1,000, amma na gaggawa ne. Yakan fara cikin makonni biyun farko, sau da yawa kafin suna ko jim kaɗan bayansa. Mai jego ta daina barci gaba ɗaya, ta yi ta magana ba tsayawa, ta ce an sauya mata jariri, ko ana so a kashe ta, ko ta ji ana ba ta umarni. A irin wannan hali ba a barinta ita kaɗai da jariri ko na minti ɗaya, ba a kuma jira a yi arba’in. A kai ta asibiti a ranar. Likita zai fara duba hawan jini da alamun jijjiga da zazzaɓin da ke biyo bayan haihuwa, domin su ma suna juya hankali. In ba su ba ne, sai a fara maganin ƙwaƙwalwa. Mafi yawan irin waɗannan mata suna warkewa su koma su rungumi ’ya’yansu. Abin da ya kamata miji da iyaye su riƙe shi ne ciwon yana iya dawowa a haihuwa ta gaba, don haka a faɗa wa ma’aikatan awo tun cikin yana ƙarami.

Abin baƙin ciki ne a saki mace saboda ciwon da ta samu wajen haifa wa mutum ɗa, ciwon da ke da magani.

Ciwon da ba ya hayaniya

Mai fizge-fizge kowa na ganinsa. Wanda aka fi mantawa shi ne wanda ya juya fuska ga bango. Ciwo mai daɗewa yana cin zuciya kamar yadda yake cin aljihu. Masu ciwon suga sun ninka sauran mutane kusan sau biyu wajen kamuwa da ciwon damuwa. Cikin waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki, kusan ɗaya cikin uku yakan faɗa cikinta. Haka masu wankin ƙoda, da masu ciwon daji, da masu sikila, da masu tarin fuka da ke shan magani wata shida. Haka matan da ke jiran aikin yoyon fitsari a asibitin Murtala da ke Kano ko a Babbar Ruga ta Katsina, waɗanda da yawansu sun rasa jariri, sun rasa aure, ƙawaye sun guje su.

Damuwa irin wannan tana hana warkewa. Mai ita yakan daina shan magani, ya ƙi abinci, ya ƙi motsa gaɓar da aka ce ya motsa. Sai a ce ya cika taurin kai, ko a ce ba shi da tawakkali. Wannan magana ta biyu tana da ciwo ƙwarai, kuma zalunci ce. Mutum yana iya zama mai salla da azumi da yarda da ƙaddara, ciwon damuwa ya kama shi, kamar yadda hawan jini ke kama liman.

Akwai kuma masu yawon asibiti da kemis shekara da shekaru. Kai na zafi kamar an ɗora garwashi, wani abu na yawo a jiki, gaba na faɗuwa, zuciya na bugawa. An yi gwajin taifod ya fi a ƙirga, an sha maganin olsa, an yi hoto, ba a ga komai ba. Ciwon da suke ji gaskiya ne, ba ƙarya suke yi ba. Sau da yawa damuwa ce ko fargaba ke fitowa ta jiki, domin mu ba mu saba cewa “raina a ɓace yake” a gaban likita ba, mun fi sabawa da nuna inda ke ciwo. Kuɗin da irin wannan mutum ya kashe a gwaje-gwaje ya ninka abin da maganin ainihin ciwon zai ci.

Guba da ƙwaya

A ƙasar noma kamar tamu, maganin ƙwari da na feshi suna nan a kusan kowane gida. Idan aka kawo matashi ko matar aure asibiti an ce sun sha irin wannan, dangi sukan ce kuskure ne. Wani lokaci kuskuren ne. Wani lokaci kuma mutum ne ya kai maƙura. Ceto ransa rabin aiki ne. In aka sallame shi ba wanda ya zauna ya tambaye shi abin da ya kai shi, an mai da shi cikin halin da ya fito, kuma watannin farko bayan sallama su ne mafi haɗari. Tambayar mutum a natse ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Faɗa da gori da tara masa jama’a su ne ke rufe bakinsa. A gida kuma a kulle magungunan gona a wurin da mutum ɗaya ne ke riƙe da mabuɗi.

Shaye-shaye ma yana ɓuya a gadon asibiti. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a 2018, amma tiramol da ƙwayoyin sa barci ba su ɓace ba, kuma ba a birni kaɗai suke ba. Ɗan ƙwadago yakan sha don ya jure aikin gona. Idan irin wannan ya karye aka kwantar da shi, jikinsa ya rasa abin da ya saba, bayan kwana biyu ko uku sai ga rawar jiki, da gumi, da rashin barci, wani har da jijjiga da gane-gane. Wanda ya san ɗan’uwansa na shan wani abu, ya ja likita gefe ya faɗa masa. Likita ba ɗan sanda ba ne. Haka kuma a faɗi duk abin da aka saya a kemis ko aka jiƙa a gida, har da ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, domin wasunsu suna iya birkita hankali. Wasu magungunan asibitin ma, kamar na tarin fuka mai taurin kai, suna da wannan illa, kuma likita na iya sauya su idan an sanar da shi.

Ina likitocin suke?

A da, a ko’ina cikin duniya, ana ware masu taɓin hankali ne a gidaje na daban, nesa da sauran marasa lafiya. A 1902 wani babban asibiti a birnin Albani na Amurka ya buɗe musu ɗaki a cikinsa, daga baya tsarin kiran likitan ƙwaƙwalwa zuwa sauran ɗakuna ya bazu. A Nijeriya dokar da Turawa suka kafa a 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta fi damuwa da tsare mutum a kan warkar da shi. Ita ce ta yi aiki har zuwa Janairun 2023, lokacin da aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa. Sabuwar ta ba mara lafiya haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci, a rufa masa asiri, kada a nuna masa wariya.

Tun 1991 manufar gwamnati ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci na matakin farko. A takarda ke nan. A aikace, likitocin wannan fanni a duk ƙasar ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. A Kano ana samunsu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda sashensu ke amsa kiran sauran sassa, da kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, wanda ke kan hanyar mai zuwa birni daga Bichi. Akwai irinsa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. A yawancin asibitocin ƙananan hukumomi babu likitan ƙwaƙwalwa mazauni. Wannan giɓi ne babba, kuma haƙƙin jama’a ne su tambayi wakilansu a kansa.

Duk da haka rashinsa bai sa hannu ya ɗaure ba. Kowane likita ya karanci wannan fanni a makaranta, yana iya gane magagin ciwo da damuwa ya fara magani. Akwai nas-nas da suka yi horo na musamman a kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri na koya wa ma’aikatan da ba ƙwararru ba yadda za su kula da damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali, kuma an yi amfani da shi a Nijeriya. Likita na iya buga waya ya nemi shawarar ƙwararre a Kano, ko ya ba ku takardar turawa. Ku nemi takardar, kada ku tafi hannu rabbana, domin a cikinta ne likita na gaba zai ga gwajin da aka yi da maganin da aka bayar.

Aikin mai jinya

A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta. Ya riƙa sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne tare da ɗan’uwansa, suna zuwa karɓar magani da rana. Tsarin ya yi suna a duniya saboda ya nuna cewa dangi ɓangare ne na magani. Mu a nan ba mu rasa wannan ba, don Bahaushe ba ya barin nasa shi kaɗai a asibiti. Abin da ya rage shi ne mai jinya ya san darajar abin da ya gani.

Likita minti goma yake yi a bakin gado, ke kuwa kin kwana a wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke kika san yadda Inna take kafin ciwo, ke kika san daren da ta fara sambatu. Idan likita ya zo zagaye kada kunya ta hana ki magana. Kina iya cewa, “Likita, don Allah ina da magana. Inna ba haka take ba. Tun daren Talata ba ta gane mu, da rana kuma sai ta dawo daidai. Ko akwai gwajin da za a ƙara, ko likitan ƙwaƙwalwa da zai duba ta?” Wannan bayani ya fi “jiki da sauƙi” amfani nesa ba kusa ba. Mu kan ce da sauƙi don ladabi da godiya ga Allah, kuma hakan na da kyau a gaisuwa. A gaban likita sai a ƙara da bayanin abin da ke nan.

Ga mai magagi, a rage masu dubiya, a bar mutum ɗaya ko biyu da ya saba da su. A bar ɗan haske da dare. A ba shi tabaransa in yana sawa. A riƙa tuna masa a hankali inda yake da lokacin da ake ciki: “Baba, asibiti muke, yanzu aka kira magariba.” Kada a yi gardama da shi a kan abin da yake gani, kada a yi masa dariya, kada a ɗaure shi da igiya ko ɗankwali. In yana neman ji wa kansa ciwo a kira nas.

Addu’a da tofi ba su saɓa wa wannan ba, kuma ba likitan kirki da zai hana a yi wa mara lafiya addu’a a gadonsa. Addini ya yi umarni da neman magani. Abin da ake roƙo shi ne kada a cire mutum daga ƙarin ruwa don a kai shi wani wuri, kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa rubutu ko jiƙo a baki don yana iya shaƙewa ya wuce huhu, kada a turara hayaƙi ga mai ciwon ƙirji, kada a doke shi da sunan fitar da aljani.

Bayan sallama a riƙe ranar komawa. Maganin damuwa ba ya aiki a kwana ɗaya, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauƙi, kuma ana ci gaba da shansa watanni bayan an ji daɗi. Wasu magungunan taɓin hankali suna sa sanƙarewar wuya, ko rawar hannu, ko dalalar miyau. Mutane kan ga haka su ce maganin ya ƙara haukata shi, su zubar. Illa ce sananniya da ake gyarawa da rage ƙwaya ko ƙara wata, don haka a koma asibiti da sauran maganin a hannu.

Tambayoyi

1. Waɗanne alamu ne ke nuna cewa rikicewar hankali daga ciwon jiki ta taso? Kawo uku.
2. Mai ciwon suga ya fara gumi da surutai bayan an yi masa allura. Me za ka fara nema a yi masa, kuma don me ba a jira?
3. Me ya bambanta kukan kwanakin farko na jego da halin da ke bukatar asibiti a ranar?
4. Me likitan ƙwaƙwalwa ke yi idan aka kira shi ɗakin da aka kwantar da mara lafiya?

Aikin aji

Ku kasu uku-uku. Ɗaya ya zama babban wa da ke son a fitar da mahaifinsu daga asibiti, ɗaya ƙanwarsa da ta kwana tana jinya, ɗaya likita. Ƙanwar ta nemi hanyar da za ta shawo kan yayanta ba tare da ta raina shi ba. Kafin darasi na gaba, kowa ya je asibitin da ya fi kusa da shi ya tambayi ma’aikacin da ke wurin inda suke tura mai irin wannan matsala, da ranar da ake ganin likita a can, ya rubuto amsar a littafinsa.